Takardar Jona

Ranar wata Laraba ce a ƙarshen watan Agusta, shekarar da na gama aji shida na firamare. An yi ruwa da asuba, tsakar gidanmu a unguwar Hausari ta jiƙe, 'ya'yan darbejiya sun zubo sun toshe bakin rariya. Ina zaune a kan turmin da aka kife ina tsintar shinkafar Zabarmari a faifai, Falmata 'yar maƙwabtanmu tana gefena tana taya ni, ko in ce tana taya ni da surutu, don hannunta ba ya daɗewa a faifai. Sai muka ji ƙararrawar keke a ƙofar gida. Masinjan makarantarmu ne, ya ɗaure ƙafar wandonsa da roba saboda taɓo, ya miƙo ambulan biyu masu ruwan ƙasa, ɗaya da sunana, ɗaya da sunan Falmata. Mun ci jarrabawar shiga sakandare, kuma makaranta ɗaya aka ba mu, ta 'yan mata, ta kwana, a wani gari kudu da Maiduguri. Umma ta leƙo daga madafa da ludayi a hannu, ta yi hamdala sau uku, ta koma da sauri don kada miya ta kama.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na su Falmata, kuma akwai wani wuri da ta zaizaye har yaro yana iya ɗora haɓarsa a kai ya yi kira. Baba mutumin Kano ne, ya zo Maiduguri yana saurayi, ya buɗe shagon gyaran rediyo a bakin titi. Mahaifin Falmata kuwa, Ba Modu, Babarbare ne, huluna yake sayarwa a kasuwa. Ita tana ce mini Afuno, wato Bahaushiya da yarensu, ni kuma ina ce mata 'yar Barebari, kuma ba mu taɓa jin haushin juna a kan haka ba. Tare muke zuwa famfo da sassafe mu jera bokitanmu a layi, mu bar su suna riƙe mana wuri, mu zana gala-gala a ƙasa har layi ya zo kanmu. Tare muke zuwa makarantar allo da yamma, tare muke wanke allunanmu. A carafke ta fi ni nesa ba kusa ba, tana iya kwashe duwatsu biyar tana kallon wani wuri daban. A aji ni na fi ta Turanci, ita ta fi ni lissafi, shi ya sa muke zama benci ɗaya.

Ni ce mai kai wa Baba abincin rana a shago. Wuri ne ɗan ƙarami, cike da rediyoyin mutane, wasu an buɗe bayansu, wasu an manta da su shekara da shekaru, ga ƙaurin dalma da ba ya barin rigarsa ko an wanke. Nakan zauna a kan benci in jira kwano, ina kallon yadda yake ɓare bakin waya da haƙori, ya murɗe ta da 'yar'uwarta, ya ɗiga dalma, ya naɗe da baƙin salatif. Kalmar da ta fi yawa a bakinsa ita ce jona. A jona nan, an jona ba daidai ba, jonin ne ya saki. Yana da wata magana da yake yi wa duk wanda ya kawo masa rediyon da aka yi wa gyaran gida: "Ja da ja ake jonawa, baƙi da baƙi. Ka jona ja da baƙi, ka ƙona kayan mutane."

Ban san jona ba asalin Hausa ba ce sai a aji biyar. Malamarmu ta Turanci, Malama Saratu, 'yar kudancin Borno, ta rubuta join a allo, ta ce ma'anarta a haɗa abu biyu, kuma jonar da muke faɗa a gida daga nan ta fito. Mun yi mako guda muna wannan aiki. A ba ka jimla biyu ka haɗa su su zama ɗaya, a ba ka ɗigo biyu ka ja layi tsakaninsu. Na gaya wa Baba da murna, ya yi dariya ya ce ashe ya shekara ashirin yana Turanci bai sani ba. Daga ranar na ɗauka na mallaki kalmar nan gaba ɗayanta, tunda na san ta a makaranta, na kuma san ta a shago.

Da la'asar ɗin ranar da takardun suka zo, Baba da Ba Modu suka zauna a dakalin ƙofar gidanmu, aka kira mu. Ba Modu ya ce ni Rabi ce zan karanta, don ya ji labarin Turancina ya fi na 'yarsa, ya faɗi haka a gaban kowa. Na durƙusa a gefen tabarma, kaina ya yi girma. Shafi na farko bai ba ni wahala ba. Sunana, sunan makaranta, da ranar da ake so mu isa, wata Litinin nan da mako uku. Na juya shafi na biyu, na ga an rubuta kalma biyu da manyan baƙaƙe a sama, na karanta su da ƙarfi kamar yadda ake yi a aji: JOINING INSTRUCTIONS.

Baba ya ɗago kai ya ce in sake faɗa. Na sake. Ya ce, "Jonin? Me za a jona?" Kalma ta biyu na san ta daga takardun jarrabawa, umarni take nufi. Na ce masa umarnin haɗawa ne. Ya ce haɗa me. To a nan ne ban sani ba, kuma abin da ya kamata in ce ke nan. Amma yanzu-yanzu aka gama yabona, ga Falmata tana kallona, ga ƙannena sun leƙo daga zaure. Na duba takardar kamar amsar tana ciki, na ce, "Ɗalibai."

Sai Ba Modu ya ce shi fa ya taɓa ji a bakin wani mai sayen hula cewa ana shirin haɗe wasu makarantun maza da na mata saboda ƙarancin malamai. Baba ya ce ai maganar ta fito. In duk 'yan mata ne, me za a haɗa? Ba a jona waya da kanta, sai an sami iri biyu. Na ce amma sunan makarantar ya ce ta 'yan mata ce. Ya ce wannan sunan da ne, in ba canji za su yi ba me ya kawo takardar jona. Na ci gaba da karanta abin da ke ƙasa, muryata tana raguwa: bokiti, zanen gado farare guda biyu, fartanya, tsintsiya, fitila, kofi da cokali, takalmi ruwan ƙasa. Babu namiji ko ɗaya a cikin jerin, amma ba wanda yake saurare kuma. Baba ya ninke takardar, ya ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri, ya tashi ya yi alwala. Bai ɗaga murya ba.

Kada a ɗauka Baba mai ƙin boko ne. Tun kafin sakamako ya fito ya sayo mini akwatin ƙarfe, ya shafa masa shuɗin fenti da hannunsa, ya rubuta sunana da ajami a cikin murfin. Burinsa in zama malamar asibiti, don mata su sami mace mai duba su. Abin da ba zai yi ba shi ne ya kai 'yarsa mai shekara goma sha biyu wani gari ta kwana a fili ɗaya da samari. Ba Modu ma haka. Kuma ba wanda za a tambaya. Makaranta tana dogon hutu, Malama Saratu ta tafi garinsu. Mutum ɗaya ne a layinmu da ya san Turanci sosai, Malam Bitrus, ɗan Biu, Kirista, akawu a sakatariya, shi kuma ya ɗauki hutu ya tafi gida duba gonarsa. Baba kuwa ba ya ɗaukar maganar 'ya'yansa mata ya kai wa baƙo.

Makonni ukun nan na yi su ne kamar kullum a ido. Na share tsakar gida, na yi wanke-wanke, na kai niƙa, na goya ƙanina. Akwatin yana ƙarƙashin gadon Umma, duk lokacin da na sunkuya da tsintsiya sai na gan shi. A sujada ina roƙon Allah ya kawo mafita, amma ko a addu'ar ba na faɗin abin da na yi. Wata rana muna surfe na gaya wa Umma cewa ban tabbata da fassarar nan ba. Ta tsayar da taɓarya ta ce, "To me ya sa kika faɗa?" Ta ce in je in gaya wa Baba da bakina, ita ba ta san Turanci ba balle ta warware abin da mai Turanci ta ƙulla. Sau uku ina kai abinci shago da niyyar faɗa, sau uku ina dawowa da kwano ban ce komai ba. Baba mutum ne da ya tsani a taɓa abin da ba a sani ba. Na sha jin yana ce wa masu kawo gyara da sun bar rediyon yadda yake da ya fi sauƙi.

Falmata ba ta nuna damuwa ba. Mahaifiyarta, Ya Kellu, gwanar turaren wuta ce, ta fara zaunar da ita kusa da kasko tana nuna mata yadda ake narka sukari, da lokacin da ake zuba itace, da yadda ake gane ya yi tun kafin ya ƙone. Falmata takan ɗora haɓa a katanga ta ce mini ita dai ta huta, wace irin makaranta ce da ake zuwa da fartanya. Sau ɗaya kawai na shiga gidansu ba ta ji sallamata ba, na same ta a ɗaki ta sa takalmin nan ruwan ƙasa da yayanta ya saya mata, tana tafiya daga ƙofa zuwa gado tana kallon ƙafarta. Da ta gan ni ta cire ta ce ya matse ta ma.

Litinin ɗin ta zo ta wuce. Ranar Juma'a da yamma Malam Bitrus ya dawo daga Biu, ya aiko mana da ɗanyar gyaɗa, sannan ya fito da rediyonsa da ya daina magana a hanya, ya sami Baba a dakali. Ina fitowa zubar da shara ya gan ni, ya tambayi Baba ko ba a buɗe makarantu ba ne. Baba ya ba shi labari a taƙaice. Malam Bitrus ya ce ko zai iya ganin takardar. Aka ce in ɗauko. Ya sa tabarau ya karanta shafi biyun nan tun daga sama har sa hannun da ke ƙasa, bai tsallake layi ba, ni kuma ina tsaye jikin bango. Bai yi dariya ba, kuma har yau ina gode masa a kan wannan.

Ƙofar gidansa tana kallon masallacin layinmu, ya shekara yana ganin masu shiga da fita. Ya ce, "Malam Sani, sau nawa nake ganin ka taho da sauri an riga an tayar da sallah, ka shiga sahu. Wa ka jona da wa?" Baba ya ce ba kowa, shiga kawai ya yi. Malam Bitrus ya ce to a Turanci wannan ma join ne. Ya yi bayani a hankali, cewa wani lokaci kai ne kake riƙe abu biyu ka haɗa su, kamar aikin Baba, wani lokaci kuma kai ne abin, ka je ka sami mutane ka shiga cikinsu. Wanda ya shiga soja da ita ake faɗa, wanda ya shiga ƙungiya da ita, wanda ya tarar ana cin abinci ya sa hannu da ita. Ya ce takardar nan ba abin da take cewa sai ga ranar da yarinya za ta shiga cikin 'yan'uwanta, ga kayan da za ta zo da su.

Yana cikin magana wani abu ya faɗo mini. Shekara shida duk ranar da muka makara, muka tarar an jeru a filin makaranta, malamin da ke riƙe da bulala yakan daka mana tsawa ya ce join the line. Ni a kunnena kalma ɗaya ce, joyindalayin, kuma ma'anarta a yi gudu. Ban taɓa haɗa ta da wadda Malama Saratu ta rubuta a allo ba. Ashe ma'anar da na rasa a gaban Baba kowace safiya ana jefo mini ita.

Malam Bitrus ya ninke takardar ya tambayi wanda ya fassara musu ita. Baba bai dube ni ba. Ya ce, "Ni ne. Kunnen mai gyaran rediyo ne, ya ji jona ya ɗauka waya ce." Ina tsaye ina ji, na bar shi ya ɗauki laifina. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, a ranar ko bayanta.

Bayan magariba Baba ya shiga wajen Ba Modu ya warware masa komai. Ba Modu ya saurara har ƙarshe, ya gode, sannan ya ce shi bai gamsu ba. Ya ce, "Kalma tana da fuska biyu. Yau sun nuna mana ɗaya. Wa ya san wadda za su juyo da ita bayan yarinya ta yi nisa?" Baba ya koma washegari tare da Malam Bitrus, ya sake komawa shi kaɗai. Ba Modu ya ce ya riga ya gaya wa 'yan'uwansa Falmata tana gida, kuma uwarta ta fara jin daɗin hannunta a wajen turare. Ba faɗa aka yi ba. Sun ci gaba da zama a dakali ɗaya har tsufa.

Ran Lahadi Baba ya rufe shago ya ɗauki akwatin a kansa zuwa tasha. Kafin mu fita Falmata ta miƙo mini gwangwanin madara ta kan katanga, cike da turaren da ta haɗa da hannunta, ta ce in sa a cikin kaya don kada in dawo hutu ina warin wake. Mun isa da la'asar. Baba bai yarda ya sauke akwatin ba sai da ya zagaya katangar makarantar da ƙafa, ya zauna da mai gadi ya yi masa tambayoyi, ya tabbatar ba namijin da yake kwana a ciki. Shugabar makarantar ta dube mu ta saman tabarau ta ce mun yi sa'a, da mun ƙara kwana biyu da an ba wata gurbina. A jerin sunayen da aka liƙa a ƙofar ofis na ga sunan Falmata. Bayan mako guda na wuce ta wurin, na ga an ja masa layi da jan biro.

A makon farko na shiga ɗakin karatu na buɗe babban ƙamus na nemi kalmar. Ta cinye kusan rabin shafi. Kogi ya haɗu da kogi, hanya ta haɗu da hanya, a ɗaura wa mutum biyu aure, a sa baki a waƙa, a bi sahun mutane. Na kwafe su duka a bayan littafina, ban san amfanin da zai yi wa kowa ba a lokacin.

Na gama sakandare, na yi aure, ban zama malamar asibiti ba. Gida nake, ina renon 'ya'yana, ina duba musu aikin makaranta. Falmata tana unguwar Maisandari, turarenta da humrarta sun yi suna, amaren gari da dama da ƙamshinta ake kai su. Ba ta rasa komai na rufin asiri ba. Sai dai idan saƙon Turanci ya shigo wayarta, takan miƙa wa 'yarta, in ina kusa ta miƙo mini.

Ban gaya mata ba sai bayan rasuwar Baba. Ta zo ta wuni tana taya mu karɓar gaisuwa, da mutane suka ragu muna wanke kofuna a bakin rariya, na ce mata kalmar nan ta ɗalibai ba ta cikin takardar, ni na ƙirƙiro ta don kada a ce ban sani ba. Na roƙe ta ta yafe mini. Ta ci gaba da ɗauraye kofin da ke hannunta. Ta ce ta sani tun a ranar, ta ga yadda na tsaya laluben amsa a takardar. Na ce to me ya sa ba ta yi magana ba. Ta ce, "In ce me, Afuno? Ni ma ban san ma'anar ba." Sannan ta ce ta yafe duniya da lahira, ai Turancina ne ya jona ta da kasko, kuma kasko bai ci amanarta ba. Ta yi dariya, ni ban iya ba.

Bana autata ta sami sakandare. Ba masinja, ba ambulan, ta wayar babanta saƙon ya shigo. Akwai wata kalma da ba ta gane ba, ta danna ta da yatsa, ma'anoninta suka jeru kafin in gyara zama. Yaran yanzu ba sa jiran wani ya dawo daga gona kafin su san abin da aka rubuto musu, kuma wannan alheri ne, ina yi wa Allah godiya. Duk da haka ina duban jerin kayan da aka ce ta zo da su, har yanzu da bokiti da zanen gado farare, sai na sami kaina ina tunanin wata makarantar, da wasu 'yan mata biyu da ya kamata su sauka daga mota ɗaya. Ni kaɗai na sauka.